Zaman Kwamitin da Na Halarta Daga Bakin Tanda

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin shari'a a nan Doha, aka yi amfani da sunana aka tauye wata baiwar Allah, ni kuwa ina can bakin tanda ina juya waina. Maganar ta daɗe da mutuwa, waɗanda suka yi abin ma na tabbata sun manta. Ni ce dai har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin ko na ɗan huce.

A jiharmu muna da ƙungiya ta lauyoyi mata. Ba zan kama suna ba, masu ita sun san kansu. Cikin ayyukanta akwai wanda ya fi kowanne nauyi. Duk lokacin da za a naɗa sababbin alƙalan babbar kotu, hukumar da ke kula da naɗin takan aiko mana da sunayen matan da ke nema, ta ce mu faɗi wadda muke goyon baya. Ba mu ke naɗawa ba, amma maganarmu ba ta faɗuwa ƙasa banza. Idan mace ta nema, 'yan uwanta mata suka tsallake ta, tambayar farko da za a yi a hukumar ita ce, me suka sani game da ita wanda mu ba mu sani ba?

Saboda haka ƙungiya ta ware kwamiti na mutum biyar don wannan aiki. Tsarin mulkinmu ya ce kowace mai nema za ta kawo hukunce-hukuncen da ta rubuta ko shari'o'in da ta yi, kwamiti ya karanta, ya tattauna, sannan ya yanke shawara. Zama kuma ba ya halatta sai aƙalla mutum uku sun haɗu a wuri ɗaya, ido da ido. Manyanmu na da ne suka sa wannan sharaɗi don kada a riƙa yanke magana ta waya. A cikin kujerun nan biyar akwai ɗaya ta ƙananan lauyoyi, ita aka ba ni. Ranar da aka ba ni kuwa kaina ya kumbura, har mahaifiyata sai da ta tambaye ni ko alƙalancin aka ba ni.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata ku sani. A aikin lauya girma ba na furfura ba ne, na shekarar da aka rantsar da ke ne. Wadda ta riga ki ko da shekara ɗaya babbarki ce har abada. A taro ana magana ne daga babba zuwa ƙarama. Idan babba ta faɗi ra'ayinta, sai ki ji ana ta jero "Na bi bayan babbata, na bi bayan babbata," har a zo kan ta ƙarshe. Wadda ta yi shiru kuma cikin masu amincewa ake rubuta ta. Na taso na tarar ana haka, ban taɓa ganin aibinsa ba, ladabi na ɗauke shi.

A wannan shekarar mata biyu ne suka nema. Ɗaya lauya ce mai zaman kanta, ta taso a ofishin shugabar ƙungiyarmu. Ba ni da wani mugun abu da zan faɗa a kanta, ta san aikinta daidai gwargwado. Ɗayar kuma majistare ce da ta shafe rayuwarta a ƙananan kotuna, daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. A kotunta na yi bautar ƙasa, Anti nake kiranta. Mace ce marar yawan magana, ba ta iya fara'ar taro ba, amma idan ta rubuta hukunci ko wanda ya faɗi sai ya gane dalilin faɗuwarsa. Shekarun ritayarta sun matso sosai. Kowa ya san idan wannan zagayen ya wuce ta, babu wani.

Tun ranar da sunayen suka iso na je na sami Shugaba na ce, "Mama, ina da alaƙa da ɗaya daga cikinsu, a kotunta na yi aiki. Ko in janye?"

Ta yi dariya ta ce, "Haba 'yata, a garin nan wa bai san wani ba? Zauna abinki."

Ba a jima ba karatuna ya faɗo, na taho Doha wurin maigidana, wanda ya riga ni zuwa yana aikin tsaro a filin jirgin Hamad. Aka yi da ni cewa idan na dawo gida hutun tsakiyar zango za a yi zaman kwamiti. Na taho da kwafin takardun aikin su biyun a cikin akwati, har sai da na rage kayan sawa saboda nauyi. Kullum idan na gama karatun makaranta sai in ɗauko in karanta ina ja layi da jan biro, ina jin kaina wata babbar ma'aikaciya.

Ana nan sai sakatariyar ƙungiya ta kira ni. Ita ma 'yar kwamiti ce, ta riga ni aiki da nisa, Yaya nake ce mata. Ta ce ita da Shugaba za su zo Doha wani taron lauyoyi, kuma Mama ta ce ba za ta iya kwanaki tana cin shinkafar Larabawa ba, lallai sai ta ci abincin 'yarta. Wayyo, daɗi kamar ya kashe ni. Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba ba zai gane yadda ake jin zuwan mutanen gida ba.

Matsalar ita ce ɗakinmu. A unguwar Fereej Abdel Aziz muke, a irin gidajen nan da ake raba falo da katako a mai da shi ɗakuna. Idan maƙwabcinmu ya yi atishawa mu ke ce masa yarhamukallah. Ba wurin da za a kai Shugaba ba ne. Sai maigidana ya roƙi wani Balarabe da suke mutunci ya ara mana majalisin gonarsa, wato falon saukar baƙi, da ke Umm Salal a bayan gari na yinin Juma'a. Mutumin ya ce khalas, wato shi ke nan, ga makulli. Wuri ne mai kyau, ga dabino, ga kafet da matasai, sai dai kicin ɗin yana can gefe, sai an ratsa tsakar gida.

Tun daren Alhamis na jiƙa shinkafa. Tandata ta ƙarfe da na yi fama na taho da ita daga gida ta ga ranarta. Na yi miyar taushe, na yi zoɓo, na yi farfesun kayan ciki. Maigidana ya ɗauko su daga otal bayan an sauko daga masallaci, ya sauke su ya koma wurin aiki. Na durƙusa na gaishe su, Shugaba ta dafa kaina tana sa mini albarka, ta ce Doha ta karɓe ni. Na ce su zauna su huta, waina ba ta son a soya ta a ajiye, zan riƙa kawowa da zafinta.

Haka na yini, in shiga in fita. In kawo faranti, in koma in zuba wani ƙullun. Duk shigowar da zan yi ina tsintar guntun hirarsu. A wata shigowa na ji Shugaba tana cewa, "Ai matar nan ba ta san mutane ba. Ke kin taɓa ganinta da ankon ƙungiya? Ko walimar ƙarshen shekara ba ta zuwa."

Yaya ta ce, "Ko sau ɗaya, ranki ya daɗe."

Na ajiye miya na fita. A wata shigowar kuma na tarar Shugaba ta ɗaure fuska tana ba da labari. "Ni fa, da girmana, na makara zuwa kotunta saboda ina babbar kotu. Na aika yarona ya nemi a ɗage, ta ce an ɗage sau biyu saboda ni, ga wata bazawara tana ta zarya daga ƙauye, ba za ta ƙara ba. A gaban ƙananan lauyoyi ta kori ƙarata. Irin wannan idan ta hau babbar kotu wa zai iya da ita?"

A nan na gane da Anti ake. Raina ya sosu, amma na ce a zuciyata hira ce ta manya a kan abinci, ranar zama ta gaskiya zan zo da hujjojina. Ba a gidan da na gayyaci mutum zan tsaya musu da shi ba, kuma ga waina tana shirin ƙonewa. Na juya zan fita sai Shugaba ta ɗaga murya ta ce, "Ko ba haka ba, 'yata?"

Na ce, "Mama, bari in duba wuta." Abin da na faɗa ke nan, Allah shi ne shaidata.

Suka ci suka sha, Shugaba ta ce rabonta da waina irin wannan tun ta kakarta. Kafin su tafi Yaya ta ce mu tsaya mu ɗauki hoto mu uku. Na cire atamfar da na ɗaura a ƙugu, na goge maiƙon fuskata, na tsaya a tsakiyarsu ina washe baki. Har na tura wa mahaifiyata hoton ina alfahari.

Bayan sun koma gida da 'yan kwanaki, ina zaune a ɗakin karatu na makaranta, sai saƙo ya shigo zauren ƙungiya na waya. Sanarwa ce daga sakatariya. Wai kwamitin tantance masu neman alƙalanci ya yi zamansa a birnin Doha, mutum uku sun hallara kamar yadda tsarin mulki ya tanada, an yi nazari mai zurfi, kuma baki ya zo ɗaya a kan goyon bayan lauyar nan ta ofishin Shugaba. An riga an aika wa hukuma. A ƙasa ga sunayen waɗanda suka halarta, nawa ne na uku. Ga kuma hoton nan namu, ina tsakiya ina washe baki.

Na karanta na sake karantawa, na miƙe tsaye. Wata 'yar ajinmu da ke kusa da ni ta kalli fuskata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na fita waje cikin zafin ranar nan na Doha da ke dukan mutum kamar an buɗe murhu, na kira Yaya.

Na ce, "Yaya, wane zama aka yi a Doha?"

Ta ce, "Ah ah, ba ke kika karɓe mu ba?"

"Abinci na ba ku. Yaushe aka buɗe zama? Wa ya karanta hukunci ko ɗaya? Ni ina kicin!"

Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, Barista. Tsarin mulki cewa ya yi a haɗu a wuri ɗaya, bai ce a ɗaki mai teburi ba. Mama ta faɗi ra'ayinta, na bi bayanta, ta tambaye ki ba ki musa ba. Kin san ƙa'ida."

Na ce, "Cewa na yi bari in duba wuta."

Ta ce, "To ai ba ki ce a'a ba."

Jama'a, lauya ce fa take gaya mini wannan. Matar da idan ɗan sanda ya kawo takardar amsa laifi da aka rubuta ba a gaban lauya ba za ta yi ta tsalle a kotu har ɗankwalinta ya zame. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Da yamma na kira Shugaba. Na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, "Mama, an sa sunana a abin da ban yi ba. Ina roƙon a janye takardar nan a yi zama na gaskiya."

Ta ce, "'Yata, hukuma ta matso da ranar rufe karɓa, ba za mu jira hutunki ba. Sauƙi muka nema wa kowa."

Na ce, "Da an gaya mini ai da na kashe wutar na zauna. Sauran biyun da ke gida fa, me ya hana a zauna da su?"

Ni na san amsar. Ɗaya daga cikin biyun nan tsohuwa ce da ta riga Shugaba aiki, ba a juya ta, kuma an san tana ganin mutuncin Anti. Da an zauna a gida ita za ta fara magana, kowa kuma bayanta zai bi. Shi ya sa aka tsallako teku aka nemo ƙaramar cikinmu, wadda aka tabbata ba za ta ɗaga ido ta kalli babba ba.

Sai Shugaba ta sauya murya ta ce, "Na gane. Don uwar ɗakinki ce shi ya sa kike wannan haƙilo. Ke da kike da alaƙa da mai nema ai bai kamata ma a ji bakinki ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, idan alaƙata ta hana a ji bakina, to ta hana a ƙirga ni. Kun zama ku biyu ke nan, zama bai halatta ba."

Ta ce, "Ni kike karanta wa doka? Ranar da aka rantsar da ni kina ina?" Ta kashe waya.

Maigidana ya dawo ya tarar da ni ina zagaye ɗan ɗakin nan namu ina magana ni kaɗai. Ya ce, "Yalla, maza zauna ki sha ruwa, maƙwabta na jin ki." Na ce su ji. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da hannuna na jiƙa shinkafar, da bakina na sa mijina ya je ya roƙi arziki wurin Balarabe, duk don in shirya musu wurin da za su yanka matar da ta koya mini aiki.

Washegari na kira Anti. Na yi ta kame-kame, na rasa ta inda zan fara. Ita ce ta sauƙaƙa mini ta ce, "Na ga sanarwar. Na ga hotonki, kin yi ƙiba." Na rantse mata da Allah ban san zama ake yi ba, na ba ta labari tun daga farko. Na ce zan rubuta wa hukuma in tona komai.

Ta ce, "Kada ki rubuta da sunana. Ina kan kujera, za a ce ni na turo ki kamun ƙafa, su haɗa da wannan ma. Idan za ki yi, ki tsaya a kan abin da ya shafe ki."

Haka na yi. Na rubuta wa hukuma gajeriyar takarda cewa ban halarci wani zama ba, a cire sunana. Na kuma nemi a sa maganar a babban taron ƙungiya na wata, wanda ake yi a zaure a gida, mu na nesa kuma mu shiga ta waya.

Ranar taron na zauna a bakin gado, na jingina wayar da kwalbar ruwa, ga takarduna a cinya. Aka zo kan batun. Shugaba ta fara, ta ce wata ƙaramar 'yar uwa ta kai ƙungiya ƙara waje, ta zubar mana da mutunci a gaban maza. Daga nan aka fara gangarowa. Ina kallon fuskoki a ɗan allon nan, matan da na sani, waɗanda suka kira ni a ɓoye suka ce wallahi an zalunci Anti, kowace tana miƙewa tana gyara mayafi tana cewa, "Na bi bayan babbata." Tsohuwar nan da nake sa rai da ita ba ta da lafiya, ba ta zo ba. Ɗayar 'yar kwamitin kuma tana neman wani muƙami da sai Shugaba ta sa mata hannu, ta sunkuyar da kai ta bi layi.

Na lissafa na ga kafin a iso kaina an kira sallah an watse. Sai na buɗe makirufo na ce, "Ina da magana."

Yaya ta ce, "Barista, ba a zo kanki ba."

Na ce, "An zo kaina tun ranar da aka sa sunana a takardar ƙarya. Mata nawa muka tsaya wa a kotu saboda an yanke musu hukunci ba a saurare su ba? Ga tamu, 'yar uwarmu, an yanke mata a kan faranti, saboda ba ta ɗinka anko ba, saboda ta ƙi ɗage shari'ar bazawara don babba ta makara. Wallahi ko ita aka zaɓa ta wannan hanya sai na tashi na yi magana. Ku gaya mini shafi ɗaya da aka buɗe a Umm Salal!"

Ban san iya inda suka ji ba. Ina cikin magana na lura bakunansu na motsi, ni kuma an rufe mini murya daga can. Na ci gaba da zuba ni kaɗai a ɗaki, sai maƙwabcinmu na bayan katako ne ya ji ƙarshen jawabin. Da na yi shiru ya ƙwanƙwasa ya ce, "Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri."

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Aka kafa wani kwamitin, wannan karon don ladabtar da ni. Shi kam an yi masa zama na gaskiya, da teburi da ajanda da addu'ar buɗewa. Aka same ni da laifin yin magana kafin manya da fitar da sirrin ƙungiya. Aka ce in rubuto takardar ban haƙuri ga Shugaba ko in sauka daga kujerata. Mahaifiyata ta kira ni ta ce in ba da haƙurin, ba a jayayya da manya. Na ce, "Umma, idan na ba da haƙuri na amsa cewa na zauna ke nan." Na sauka.

Hukuma kuwa ta amsa mini da layi biyu, cewa wannan lamari ne na cikin gidan ƙungiya, kuma an riga an wuce matakin. Aka fitar da sunayen waɗanda za a gana da su, babu na Anti. Ba zan ce da mun goyi bayanta lallai da ta samu ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne ko ƙofar ba a bari ta isa ba. Ba a daɗe ba ta yi ritaya a matsayin majistare, a wata kotu mai rufin kwano da ke yoyo da damina.

Na gama karatuna, na sami aiki a nan, na zauna. Ban sake biyan kuɗin ƙungiya ba, ban kuma fita daga zauren wayar ba, ina nan ina kallonsu. Na ji an ce daga baya an gyara tsarin mulkin, yanzu sai kowace 'yar kwamiti ta sa hannu da kanta kafin takarda ta fita. Madalla. Amma har yau daga babba ake farawa, har yau ana bin bayan babba, don haka sa hannun ma bin layi zai yi.

Mutane sukan ce mini in bar abin ya wuce, ai an yi shekaru. Na yafe abin da aka yi mini, kujerar kwamiti ba gadon gidanmu ba ce. Amma ban daina jin haushi ba, kuma ba na so in daina. Ladabin da aka koya mana tun muna yara, wanda ya sa na durƙusa na gaishe su, wanda ya hana ni musu da baƙo a kan abinci, shi suka auna suka ga zai yi musu aiki. Sun san tarbiyyata sarai, da ita suka yi lissafi. Tun daga lokacin, duk inda babba ya juyo ya ce mini "ko ba haka ba?", ko a gidan biki ne, sai na tsaya na ce a'a ko i da baki cikakke, ko da tukunya za ta ƙone. Ana ce mini mai tsaurin ido yanzu, ban damu ba.

Na je gida hutu bayan ritayar Anti, na kai mata ziyara. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ta rame kaɗan amma lafiyarta lau. Muka yi hirar duniya, ba ta ɗauko maganar ba, ni ma ban ɗauko ba. Sai da ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki, ki gaya mini gaskiya. A ranar nan, an karanta hukuncina ko guda ɗaya?"

Na ce, "Anti, ko buɗewa ba a yi ba."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Na daɗe ina ɗauko su ina sake dubawa, ina neman inda na yi kuskuren da ya sa aka ƙi ni."

Matar da ta yi rayuwarta tana sauraron kowa kafin ta yanke hukunci, ita ce ta zauna a gida tana tuhumar aikinta saboda hirar da aka yi a kan wainata. Na shiga mota na kasa tayar da ita, ina ta kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne.